Tallafin Sana'a Ga Mata A Katsina: Ina Jarin Yake Tafiya?

Jihar Katsina da shirye-shiryen gwamnati na tallafa wa mata sa'o'in juna ne. A watan Satumba na 1987 aka yanke Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna, a cikin watan nan ne kuma Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, wanda iyayenmu ke kira Beta Layif. Tun daga nan ba a sake yin gwamnatin da ta zo wa mata hannu rabbana ba. A 1989 aka buɗe bankin talakawa mai ba da ƙananan rance ba tare da jingina ba. Maryam Abacha ta kawo shirin tallafa wa iyali a 1994, aka bi shi da FEAP, shirin bunƙasa tattalin arzikin iyali, a 1997. Zamanin Obasanjo aka kafa NAPEP, shirin yaƙi da talauci, a 2001, da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, a 2003. Zamanin Jonathan aka yi gasar YouWiN ta ba matasa jarin sana'a, har da zagaye na mata zalla a 2012, sannan a 2013 Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 220 domin ƙananan sana'o'i, ya ce kashi 60 cikin ɗari na mata ne. Buhari ɗan Daura ya zo da MarketMoni da TraderMoni, shirye-shiryen ba 'yan kasuwa ƙananan rance. Gwamnatin Tinubu kuma ta raba naira 50,000 ga masu ƙananan sana'o'i a 2024, aka ce kashi 70 cikin ɗari na mata da matasa ne.

Duk wanda ya ce ba a yi komai ba bai yi adalci ba. Kuɗi sun fita, wasu sun isa hannun masu su, akwai gidajen da keken ɗinki ko injin markaɗen da aka ba su ya rufa musu asiri shekara da shekaru. Amma ka shiga lungunan Ƙofar Marusa ko Rafindadi ko Sabuwar Unguwa, ko cikin garin Daura, ka duba girman sana'ar da ke cikin gidaje. Sana'ar da uwa ta yi da tiya biyu ta gyaɗa, ɗiyarta ma yau da tiya biyu take yinta. A ganina dalilin shi ne yawancin shirye-shiryen nan an gina su ne kan zaton cewa abin da ke yi wa mace wuya shi ne ta fara sana'a. A ƙasar Hausa kuwa farawa ba ta taɓa zama matsala ba. Amarya da ragowar kuɗin sayen baki ko gudummawar biki takan fara sayar da magi da gishiri tun kafin lallen hannunta ya goge. Abin da ke gagara shi ne uwar kuɗin ta kai shekara ba ta karye ba, balle ta ƙaru.

Sai an fara sanin inda kasuwar take. A 1967 wata Baturiyar Ingila mai binciken tattalin arzikin karkara, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, nan bakin birnin Katsina. Ta tarar matan aure suna cikin kulle, ba sa taka kasuwa, amma kaso mai yawa na cinikin hatsi da dafaffen abincin garin a hannunsu yake, daga cikin ɗaka, ta hannun yara. Ta kwatanta abin da saƙar zuma: kowane gida ɗan rami ne a cikin babbar kasuwa guda wadda baƙo ba ya gani daga waje. Yau an haura shekara 50, kuma tsarin yana nan. Mai fura, mai awara, mai ɗanwake, mai daddawa, mai taliyar murji, mai kitso da lalle, mai haɗa turaren wuta da humra, mai saƙa, mai turka rago don layya, yawancinsu ba su da shago, ba su da allon suna a ƙofar gida. Kaya suna fita ta hannun 'yar talla, ko dillaliya mai shiga gida-gida da ƙunshin atamfa da kwanuka, ko almajirin gidan. Abin da ya ƙaru shi ne waya. 'Yan mata da matan aure masu ilimin boko suna ɗora kaya a WhatsApp da Facebook da Instagram, a turo kuɗi ta banki, mai babur ko mai Keke Napep ya kai saƙo. Kasuwar ta faɗaɗa, amma har yanzu daga ɗaka ake cinta.

To wannan ita ce macen da takardun gwamnati ba su cika gani ba. Lokacin TraderMoni, masu ɗaukar sunaye kasuwanni suka bi, rumfa-rumfa da tire-tire, suna ɗaukar hoton mai sana'a a gaban kayanta. A Legas ko Ibadan, inda mata ne suka cika kasuwa, wannan hanya ta yi daidai. A babbar kasuwar Katsina, ko kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, maza ne a mafi yawan rumfunan, sai tsofaffin mata da Fulani masu nono da 'yan talla a gefe. Shiri ɗaya, ƙa'ida ɗaya, amma a nan ya tsallake mafi yawan waɗanda aka ce don su aka yi.

Mu tsaya kan mai man gyaɗa, domin a sana'arta ake ganin komai fili. Za ta auno gyaɗa, ta soya, ta murje, ta fece ɓawon, ta ba yaro ya kai inji. In an dawo da kullun ta zuba a turmi, tana ɗiga ruwan zafi tana juyawa da taɓarya har mai ya taso ya kwanta a sama. Ta kwashe, ta matse tunkuzar, ta mulmula ƙuli ta soya shi a cikin man da ta fitar. Yini guda cur ke nan, ga hayaƙi ga ciwon kafaɗa. Yadda da yawansu ke lissafi, kuɗin mai shi ke mayar da uwar kuɗi, ƙuli-ƙulin shi ne riba. Kuɗin itace da kuɗin niƙa wani lokaci a tuna da su, wani lokaci a manta. Ladan aikinta kuwa ba ya shiga lissafi ko kaɗan. Yanzu ina bambancinta da wadda ta fi ta samu? Ba a iya aiki yake ba, a wurin sari yake. Mai ƙarfi tana sayen buhuna da kaka lokacin da gyaɗa ke araha, ta jibge a ɗaki tana ɗiba har bazara. Marar ƙarfi kullum tiya biyu take aunowa a kan farashin ranar, sau da yawa ma bashi, sai ta sayar ta kai wa mai gyaɗa kuɗinsa. Idan farashi ya tashi da bazara, ribar ta farko ƙaruwa take yi, ta biyun kuwa sai ta daina sana'ar har wata kakar.

Rancen da zai amfani wannan mata shi ne wanda zai zo mata da kaka, ya isa sayen buhu biyu ko uku, a bar ta ta riƙa biya kaɗan-kaɗan har damina. Wanda aka fi ba ta kuwa shi ne wanda ke zuwa duk ranar da aka ga damar yin bikin ƙaddamarwa, ko na ƙananan bankunan nan da ke fara karɓar biya tun mako mai zuwa. Naira 10,000 ta TraderMoni, da za a biya cikin wata shida kafin a ƙara wa mutum zuwa 15,000, ko a 2018 ba ta kai ta canza wa mai man gyaɗa matsayi daga mai aunowa zuwa mai ajiya ba. Lokacin da kuɗi suka zo, da tsawon wa'adin biya, sun fi yawan kuɗin tasiri, amma ba su ake karantawa a jawabi ba.

Sai kuma abin da ke cin jarin bayan ya shigo gida. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, sadakinta da gadonta da ribar sana'arta, kuma ci da sha da sutura da muhalli a wuyan miji suke. Wannan babbar kariya ce, kuma kowace mace a Katsina ta san da ita. Amma a ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne ga wanda ma yake da albashin. Maigida zai leƙo ɗaki da safe: "Maman Abba, ranta mini dubu biyu a yi cefane, in an yi albashi zan mayar miki." Wani yana mayarwa, wani niyyar kawai ke gare shi. Ko bai tambaya ba, ba za ta zuba ido yara su tafi makaranta ba karin kumallo alhali ga kuɗin ƙuli a gefen zane ba. Kafin azahar ga yarinyar maƙwabta ta yi sallama: "Wai in ji Inna a ba ta mai na ɗari biyar, sai an kawo kuɗi." Innar nan ita ta zauna da ita a asibiti ranar haihuwa, yaya za a yi a ce babu? Mai shago a bakin titi yana iya manna takardar ba bashi a bango. Mai sana'ar cikin gida abokan cinikinta su ne danginta da maƙwabtanta da abokan bikinta.

Ga biki da suna, inda dole a mayar da gudummawar da aka taɓa kawo mata, da ɗan ƙari. Ga kayan ɗakin ɗiya, wanda shi ne ma dalilin da ya sa mata da yawa ke sana'ar tun farko. Ban ga laifin uwar da ta kwashe tarin shekara biyar ta sayi gado da kujeru da kwanuka don fitar da ɗiyarta kunya ba, burinta ke nan kuma ta cika shi. Sai dai jami'in da ya rubuta a takarda cewa sana'ar za ta bunƙasa ta ɗauki ma'aikata, ya kamata ya san da wannan kafin ya rubuta.

Amma mai karya jari farat ɗaya shi ne ciwo. Zazzaɓin damina ya kwantar da yaro a yi masa ƙarin jini, ko haihuwa ta zo da tiyata, a cikin dare guda an sayar da akuya, an karɓo kwasar adashe tun kafin lokaci, an cinye kuɗin sari. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Katsina ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Ba a saba kawo waɗannan a zancen tallafin sana'a ba, domin ma'aikatarsu daban ce, kasafinsu daban. Ni kuwa da za a ba ni zaɓi tsakanin a ba mai awara naira 50,000 a hannu, ko a ba ta rabin haka a haɗa mata da katin asibiti na shekara ita da 'ya'yanta, na biyun zan zaɓa, don shi ne zai sa a dawo baɗi a tarar tana suya.

Ƙofar banki kuma tana da nata matakala. Bankin kasuwanci jingina yake nema, jinginar da ya fi yarda da ita kuwa takardar mallakar fili ko gida ce mai sa hannun gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tsara. Mace a nan tana gadon gona da gida, amma sau da yawa kason nata yana cikin gandun da ba a raba ba, yayanta ke nomawa ya aiko mata da damma ko buhu. Takardar ma babu ita, balle a ce da sunanta. An yi ƙoƙarin warware wannan: a 2016 Babban Banki ya buɗe rajistar kadarorin da ake iya ɗagawa, a 2017 aka sa hannu kan dokar da ta halatta a jinginar da inji ko dabbobi ko kayan shago. Doka ce mai kyau ƙwarai, kamar don matan Arewa aka yi ta, tunda dukiyarsu a tumaki da awaki da sarƙar gwal da keken ɗinki take. Matsalar ita ce doka ta ba banki dama ne, ba ta tilasta masa ba, kuma manajan da zai iya saya wa bankinsa takardun lamunin gwamnati ya kwanta ya yi barci ba zai bi tunkiya zuwa Ɓatsari ba. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Banki kansa kashi 27.5 cikin ɗari ne. Na 'yan kasuwa sama da haka yake, na ƙananan bankuna kuwa a wata ake lissafa shi.

Sannan ga zancen ruwan shi kansa. Mata da yawa, da mazajensu, da malamansu na Islamiyya, ba za su taɓa rance mai ruwa ba ko da kashi 9 cikin ɗari ne, kamar yadda aka ƙayyade a asusun biliyan 220 ɗin nan. Masu tsara shiri a Abuja sun daɗe suna ɗaukar wannan a matsayin jahilcin da wayar da kai za ta kawar. Ba jahilci ba ne, addini ne, kuma yana da mafita. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu bankunan marasa ruwa suka biyo baya, a 2020 kuma Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin ba da tallafinsa ta hanyar da ba ruwa. Tsarin murabaha, inda banki zai sayi buhunan gyaɗa ko injin ya sayar wa mace da ribar da aka sani tun farko ta riƙa biya a hankali, ba baƙon abu ba ne a wurin wadda ta saba karɓar atamfa a hannun dillaliya tana biya duk Juma'a. Yana da wata fa'idar ma: buhu ya fi tsabar kuɗi wuyar rantawa a yi cefane. Inda gizo ke saƙar shi ne waɗannan bankuna a manyan titunan birni suke, ƙaramin ciniki irin na lungu bai kai su ɗauke shi ba, kuma tun ƙarshen 2023 sabon shugabancin Babban Banki ya ce ya janye daga raba rancen raya ƙasa kai tsaye.

Kafin ma a kai ga rance akwai takardu. Lambar BVN ta banki, lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, asusun banki, layin waya mai sunan mai shi, fom a intanet da turanci. Binciken da cibiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kusan rabin manyan mutanen Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma a faɗin ƙasa mata sun fi maza zama a waje. Abin da ke faruwa sananne ne. Yaro mai shagon kwamfuta ya cika fom ɗin, ya sa lambar wayarsa ko ta maigida. Alat ya shigo wayar wani. Mai kirki ya kai mata duka, wani ya cire ladan wahalarsa. A inda kuma aka ce a kawo sunaye daga mazaɓu, kowa ya san hannun da sunayen ke bi: kansila, shugabar mata ta jam'iyya, na kusa da na kusa da su. Ba lallai waɗanda aka rubuta ba mabuƙata ba ne, talauci ya isa kowa, amma zaɓen ba a kan sana'a aka yi shi ba.

Wannan ya haifar da ɓarnar da ta fi asarar kuɗin girma. An raba TraderMoni a ƙarshen 2018, mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo yana bin kasuwanni da kansa, zaɓe kuma saura 'yan watanni. 'Yan adawa suka ce sayen ƙuri'a ne, gwamnati ta ce rance ne. Ko wanne ne gaskiya, darasin da jama'a suka ɗauka shi ne rancen gwamnati rabonka ne da Allah ya tsaga, ba a biya. Matar da ba ta taɓa fashin zubin adashe ba ko da za ta kwana da yunwa, ita ce za ta karɓi na gwamnati ta ce ai kason kowa ne. Ba halinta ne ya canza ba. A adashe ta san kuɗin na Hajiya Babba ne da Yaya wance da matar ƙanin mijinta, kuma gobe za su haɗu a gidan suna. Na gwamnati ba shi da fuska. Gara a ce kyauta ce a raba a wuce wurin, ko a ce rance ne a bi shi har a karɓo, da wannan tsaka-tsakin da ke lalata hanya ga mai son rancen gaskiya.

Shi ya sa a duk shirye-shiryen nan wanda ya fi kama hankalina shi ne wanda ya ɗauki darasi daga adashe. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 domin shirin da ake haɗa mata 15 zuwa 25 a ƙungiya, su riƙa zubi duk mako, su ranta wa junansu daga abin da suka tara, a koya musu rubuta shiga da fita, sai ƙungiya ta nuna ta tsaya da ƙafarta sannan tallafi ya biyo baya. An fara da jihohi shida, cikinsu da Kebbi da Neja, a 2023 kuma aka amince da ƙarin dala miliyan 500 don faɗaɗa shi. Ƙarfinsa shi ne kuɗin farko nasu ne, kuma akwatin ƙungiya yana ba mace amsar da ba ta da ita a da: "Wallahi Malam kuɗin suna akwati, sai ranar taro." Rauninsa kuma shi ne kuɗin Bankin Duniyan bashi ne a kan ƙasa, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi sukan watse idan masu kula da su suka daina samun alawus. Rabon awaki da gwamnatocin Katsina suka yi wa mata, ta Gwamna Masari da ta Gwamna Radda, shi ma ya san gidan da yake shiga, tunda akuya ita ce asusun ajiyar macen karkara tun kaka da kakanni. Sai dai akuyar da ba allurar rigakafi, ba dusa ba harawa da rani, a garin da ɓarayin daji ke kora dabbobi, ba ta daɗewa.

Koyar da sana'a kuwa ba sai an ja zance ba. A tara mata ɗari biyu kwana uku a koya musu sabulun ruwa da man shafawa, a sallame su su koma unguwa ɗaya kowa na neman mai saye a wurin 'yar'uwarta. Dillalai kuma suna bakin ƙofar wurin taro suna taya kekunan ɗinkin da aka raba. Ba iyawa ce ta yi ƙaranci ba, mai saye ne.

Babban mai saye a jihar nan kuwa gwamnati ce. Makarantun kwana, asibitoci, gidajen gyaran hali, duk suna cin mai da daddawa da garin masara, suna sa yunifom da zannuwan gado. A 2017 an fitar da umarnin shugaban ƙasa cewa aƙalla kashi 40 cikin ɗari na abin da ma'aikatun tarayya ke kashewa kan irin su yunifom da abinci da kujeru ya tafi ga kayan da aka yi a cikin ƙasa. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 ya nuna abin da hakan ke iya yi: dubban mata suka zama masu dafa abinci, aka buɗe musu asusun banki, suna da ciniki tabbatacce kowace ranar makaranta. Ya kuma nuna yadda abin ke rushewa. Naira 70 aka yanka wa kowane yaro, farashin kaya ya gudu ya bar ta, biya ya riƙa yin jinkiri, a farkon 2024 aka dakatar da shirye-shiryen hukumar da ke kula da shi. Kwangilar gwamnati ga mai ƙaramin jari alheri ce in ana biya cikin mako biyu. In sai bayan wata shida, hanya ce mafi sauri ta karya ta, don da bashin mai shinkafa ta yi girkin.

Akwai kuma manufofin da ba a rubuta sunan mata a kansu ba, amma sun fi duk wani tallafi taɓa su. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ga mutanen Jibiya da Kwangwalam da Daura, Maraɗi da Damagaram ba ƙasar waje ba ce, kasuwa ce da dangi. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, cikinsu da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-ma, aka kuma hana cinikin dabbobi a wasu manyan kasuwanni. Mai sayarwa ta waya da mai turka rago duk suka tsaya cik. Farkon 2023 canjin kuɗi ya zo, tsabar kuɗi ta ɓace, mai ƙosai da cinikinta na naira hamsin da ɗari ne ta rasa mai saye. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin fetur, kuɗin niƙa da na mota suka ninka. Wasu matakan suna da hujjarsu, musamman na tsaro. Amma babu wanda ya zauna ya lissafa jarin mata nawa ne ya mutu a kowannensu, domin tun asali ba a rubuce suke ba.

Talla ma haka. Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na karatun 'yan mata a 2020, kuma kowa na son a ga yarinya a aji maimakon bakin tasha da tire a ka, inda ake lalata da yawansu. Amma yarinyar nan ita ce ƙafar sana'ar uwarta. Ma'aikatar ilimi tana janye ta, ma'aikatar mata tana ba uwar jari ta ƙara yawan abin da za a kai talla. In ba a samar wa kayan wata hanyar fita ba, ko rumfar ƙungiya a bakin makaranta da asibiti, ko matasa masu babur da ke karɓa a sari su rarraba wa masu shaguna, to ɗayan biyu za a yi: ko yarinya ta bar aji, ko tukunya ta sauka.

A can sama kuma akwai 'yan ƙalilan da suka wuce wannan mataki, masu yajin daddawa da garin kunu da man gyaɗa a roba mai tambari, masu ɗinki da yara goma a ƙarƙashinsu. Su ba naira 50,000 suke nema ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar kamfani shi kaɗai, dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin kamfani ga wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba, duk sun taimaka. Inda suke maƙalewa shi ne lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, wadda sai da ita manyan kantuna ke karɓar kaya, ita kuma tana buƙatar wurin aiki na daban da ɗakin girkin gida, ga wutar lantarki da ba ta tsayawa. Ɗakin sarrafa abinci guda mai wutar sola da ya cika sharuɗɗan hukuma, a Katsina da Daura da Funtuwa, wanda mata za su riƙa kama haya na awa ko na yini, zai fitar da kayan mata da yawa zuwa kantunan Kano da Abuja fiye da taron bita goma.

Katsina tana da wata dama da sauran jihohi ba su da ita. Gwamna Dikko Umaru Radda ya shugabanci SMEDAN daga 2016 zuwa 2022, ya san waɗannan matsaloli daga ciki, kuma a shekararsa ta farko ya kafa hukumar bunƙasa sana'o'i ta jiha, KASEDA. Abin da zai bambanta ta da waɗanda suka gabata ba yawan kuɗin da za ta raba ba ne. Na farko, wa ke ɗaukar sunaye: in ba mata ne ke shiga gidaje da sallama ba, ta hannun masu unguwanni da makarantun Islamiyya na matan aure, to za a sake rubuta masu rumfa ne a bar masu turmi. Na biyu, me ake ƙirgawa. Kowace gwamnati tun 1987 tana iya faɗa maka mata nawa ta raba wa kuɗi ko kaya. Wanda ake buƙata shi ne a koma bayan wata 12 a ƙirga nawa ne har yanzu ke sana'ar, nawa ne suka tashi daga aunowa zuwa sayen buhu, waɗanda suka daina kuma me ya tsayar da su, ciwo ne ko biki ko bashi ko gudun hijira. Aikin yana buƙatar albashin ma'aikatan bibiya da kuɗin man babur, abubuwan da ba a yanka musu kintinkiri. Wannan adadi ne ya kamata 'yan majalisar dokokin jiha su nema a zaman kare kasafin kuɗi kafin su amince da wani sabon rabon.